Fiffike Na Sha Bakwai

Shekara uku na yi ina sauraron iska ana biyana. Haka Inna take faɗa wa duk baƙon da ya tambaye ta aikin da 'yarta take yi, tana faɗa tana dariya, ni kuwa ban taɓa samun abin gyarawa a maganar ba.

Ɗakin aikinmu yana can ƙarshen ginin injiniyoyi, bayan ka wuce banɗakin da ya daɗe da daina aiki. A cikinsa akwai bututun iska, wato wani dogon akwatin ƙarfe da mutum zai iya rarrafawa a ciki, da ƙatuwar fanka a gindinsa tana zuƙo iska. A tsakiya an bar wurin da muke ɗaure fiffiken gwaji, iska ta riƙa bi ta kansa. Bangon ɗakin duk an manne shi da soso mai tsini-tsini don kada ƙara ta daki bango ta dawo, shi ya sa in ka shiga ka ja ƙofa har haɗiyar yawunka sai ka ji. Makirufo takwas ne a jere suna fuskantar fiffiken. Mu kuma muna ɗaki na kusa, muna kallon abin da suka jiyo a allon kwamfuta.

Iska in tana tafiya sumul ba ta da surutu. Sai ta iso bakin baya na fiffike take hargitsewa, ta kakkarye ta zama 'yan ƙananan guguwa, su ne suke wannan shuuu ɗin da ke hana mara lafiya runtsawa a ƙarƙashin fankar asibiti, kuma yake cinye kunnen ma'aikaci a masana'anta sannu a hankali. Wata gidauniya ce ta ba mu tallafin shekara uku mu nemo fiffiken da zai rage wannan ƙarar. Ba su ɓoye mana komai ba: a ƙarshen shekara ta uku kwamitinsu zai zo ya gani da ido. In sun gamsu su sabunta tallafin, in ba su gamsu ba a rufe ɗakin. Shugaban sashenmu ma ya riga ya leƙo sau biyu yana auna tsawo da faɗi da ido, yana neman inda zai tara karyayyun kujeru.

Mu uku ne a aikin. Ni nake lissafi da zane. Dogo ne yake kula da wayoyi da makirufo, kuma an sa masa Dogo ne don duk ginin babu wanda ya kai shi gajarta. Na ukunmu Baba Kafinta ne, wanda yake sassaƙa mana fiffiken daga katako a shagonsa da ke bayan gini. Ya fi shekara ashirin a wurin, kafin ma in san hanyar jami'a. Sau ɗaya yake duba zane, ya ninke ya sa a aljihu, sauran kuma babban yatsansa ne yake yi. Aikinsa ba ka samun inda za ka kushe, amma wallahi in kana jiransa sai ka tsufa. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba. Ina leƙa shagon sau uku a yini, ya ɗago kai ya ce, "Dakta, katako ba ya jin tsawa," ya ci gaba da gugarsa.

Fiffike goma sha shida muka gwada, duk tafiyarsu ɗaya. Wani ya rage ƙara kaɗan, wani ya ƙara, babu na nuna wa baƙo. Na sha bakwai shi ne wanda na zuba masa dukkan basirata. Wata biyar ina lissafin wani lanƙwaso a bayansa, har a mafarki ina ganin lambobi. Ranar da muka ɗaura shi muka kunna fanka, layin da ke nuna ƙara a allo ya faɗo ƙasa ya kwanta. Dogo ya ce makirufo ne suka mutu. Ya shiga ya duba su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Muka sake gwadawa sau tara, sau tara layin yana kwance. Na fita waje na tsaya a rana ina dariya ni kaɗai kamar wadda aka taɓa. A satin na rubuta rahoto na aika wa gidauniya cewa lanƙwasona ya yi aiki.

Ranar Alhamis kwamitin zai zo. Saura sati biyu na duba fiffiken na ga ya sha hannu, launinsa duk ya dushe, bai dace da idon baƙi ba. Na ce wa Baba ya sassaƙo min wani sak irinsa, ya sha fenti ya yi sheƙi. Ya kawo ranar Talata da safe, naɗe a tsumma kamar jariri. Muka ɗaura, muka kunna.

Layin ya miƙe ya tsaya can sama, inda na sauran goma sha shidan suke tsayawa.

Muka kashe muka sake kunnawa. Dogo ya canza wayoyi, ya busa makirufo, ya yi musu addu'a. Muka mayar da tsohon, layi ya kwanta. Muka ɗaura sabon, ya miƙe. Na auna su biyun da ma'auni ta ko'ina, lanƙwaso ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Na kwashe su a hammata na nufi shagon Baba, ko sallamar kirki ban yi ba.

"Baba, me ka yi wa sabon nan? Ka ɓata shi."

Ya ajiye sanfefa, ya goge hannu a rigarsa, ya karɓi sabon ya bi bakinsa da yatsa. "Wannan daidai yake da zanenki, Dakta. Ko gashi ban kauce ba."

"To me ya sa yake ihu, tsohon kuma shiru?"

Ya karɓi tsohon. Yatsansa ya bi baki a hankali, ya kai gefen baya, ya tsaya. Na ga fuskarsa ta canza. Ya jawo benci ya zauna, ya ɗora fiffiken a cinya.

Ba abin da zai hana shi ya ce bai sani ba. Da ya faɗi haka da na yarda, don ni da ma'aunina mun duba ba mu ga komai ba. Wannan sai daga baya na gane shi. A lokacin tsaye nake kawai ina huci.

"Laifina ne," in ji shi. "Wannan da kike gani, faci ne."

Ya nuna min. Tun daga wannan kai har wancan, faɗin yatsa biyu a bakin baya, ba katakon jikin ba ne. Ranar da yake gamawa bakin ya tsage, saboda sirantar da na zana ta yi yawa. Katako mai tauri ya ƙare masa, ni kuma na leƙo sau biyu ina cewa yau nake so. Sai ya waiga ya ga akwatin da aka kawo makirufo a cikinsa, na wani icce mara nauyi mai ƙananan huda kamar soso. Ya yanko shi a gicciye, ya manna da gam, ya goge har haɗin ya ɓace, ya shafa masa ruwan launi don ya saje. Shi a tsarinsa ba ya yi wa faci fenti sai gam ya kwana biyu ya kama. Kafin kwana biyun na zo na ɗauke daga kan teburinsa yana masallaci.

"Na so in faɗa miki," ya ce. "Da na ji kuna murna sai kunya ta kama ni. Na ce tunda ya yi, ai shi ke nan. Ban san facin yana da magana a ciki ba."

Na fahimta nan take, don karatun ai na yi. Iska tana ɗan kutsawa ta cikin hudojin, sai hargitsin ya yi laushi kafin ya bar bakin fiffiken. Sabon kuwa katako ne zalla, fenti ya toshe ko'ina. Lanƙwasona na wata biyar bai tsinana komai ba. Guntun akwatin da za a zubar ne ya yi aikin.

Abin da na faɗa masa ba na son maimaitawa, amma tunda na fara zan ƙarasa. Na ce ya bar ni na rubuta ƙarya na sa hannu. Na ce shekara ukuna ya zubar a ƙasa. Na ce in an rufe ɗakin nan shi ya rufe shi. Mutumin da ya haifi kamata, ina tsaye a kansa ina nuna shi da yatsa, shi kuma kansa a sunkuye yana cewa, "Haka ne, Dakta. Haka ne."

Dogo ya tare ni a baranda, ya ja ni gefe. "Ke, wa ya sani ban da mu uku? Ki ɗaura musu tsohon ranar Alhamis, su ga layi ya kwanta, su tafa, su tafi. In tallafi ya zo sai mu gyara magana a nutse. Ai ba ƙarya muka nuna ba, fiffiken da gaske ba ya ƙara."

Ban zage shi ba, don ni ma abin da nake saƙawa ke nan. Shi yana da 'ya'ya huɗu, kuma aikinsa da ɗakin nan tare za su tafi.

Da la'asar na koma gida na tarar da Inna a tsakar gida tana ɗinke maɓallin rigar mijina. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Yau iskar ce ta zage ki?" Na zauna a gefenta na kwashe komai na faɗa mata, ina yi ina ƙara wa Baba laifi. Ba ta gane lanƙwaso ba, ba ta gane huda ba, amma ta saurara har ƙarshe. Ta ciji zare ta tsinke.

"Shi tsohon, da kika tambaye shi, ƙarya ya yi miki?"

"A'a."

"Ya san za ki yi masa wannan haukan naki?"

"Ya sani mana. Kowa ya sani."

"Kuma ya faɗa." Ta ɗaga rigar tana duba maɓallin. "To ke wa kike tsoro? Su waɗannan baƙin duka za su yi miki?"

Na ce Inna ba ki gane ba, ɗaki za a rufe. Ta ce ta gane sarai, ba yau aka fara rufe ɗaki ba. Na tashi na shige ciki ina gunaguni, ta bi ni da cewa in na gama fushin in zo in zura mata allura, idonta ya gaji.

Ranar Laraba na yini ina rubuta takarda shafi biyu. Sau huɗu ina yagewa, don kowane karo sai in ga na lallaɓa na wanke kaina na jingina wa kafinta laifin. A na biyar na rubuta abin da ya faru yadda ya faru, har da ɗauke fiffike daga kan tebur ba da izini ba. Dogo ya karanta, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Allah ya sa masu kujerun su bar min kusurwa in riƙa sayar da waya."

Su uku suka zo. Maza biyu cikin kwat, da shugabarsu, wata tsohuwar farfesa 'yar firit mai dogara sanda, wadda littafinta muka karanta a aji. Shugaban sashe ya rako su yana washe baki. Na ɗaura tsohon fiffike, layi ya kwanta, mazan suka gyaɗa kai, ɗaya har ya fara tafi. Na ce su dakata. Na ɗaura sabon, layi ya miƙe. Sannan na raba musu takardar, na ce rahoton da na aika musu kuskure ne, abin da na ce shi ya rage ƙara ba shi ba ne. Murmushin shugaban sashe ya bushe a fuskarsa.

Ɗaya daga mazan ya rufe fayil ɗinsa ya ce, "Ke nan shekara uku babu sakamako."

Farfesa ba ta kula shi ba. Ta sa aka kwanto mata tsohon fiffiken, ta cire gilashi, ta kai bakinsa kusa da ido. Can sai ta kafa leɓenta a kan facin ta hura, ta tara tafin hannu ta ɗaya gefen. Ta sake hurawa.

"Ina wanda ya yi wannan?"

Dogo ya ruga ya kira shi. Baba ya shigo da garin katako a gira, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. Kana ganinsa ka san ya zo karɓar takardar sallama ne. Ya gaishe su, bai dube ni ba.

"Malam, me ya sa ka yanka shi a gicciye? Kowa a tsaye yake yankawa."

"Ranki ya daɗe, a tsaye ba ya shan gam. Iccen ba shi da ƙwari. In aka yanka a gicciye sai gam ya shiga hudojin gefe ya riƙe."

"Amma tsakiyar ba ka cika ta da gam ba."

"Ai ɓarna ce. Gefe kawai yake buƙata."

Ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Ta ce mutane sun daɗe suna gwada baki mai huda da ƙarfe da roba, wasu ya yi, wasu bai yi ba, amma ba ta taɓa ganin wanda ya gwada da akwatin kaya ba. Ta tambaye shi ko zai iya yin guda goma, kowanne da faɗin facinsa daban. Baba ya yi lissafi da leɓe, sannan ya ce zai iya, in dai ba za a tsaya masa a ka ba. Dogo ya juya baya yana tari. Ni dai ƙasa na kalla.

Da za su tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce min, "Ban yi miki alkawari ba, ba ni kaɗai nake yankewa ba. Amma na sha zuwa wuraren da aka nuna min tsohon kawai, aka ɓoye sabon." Ta dafa hannuna ta wuce.

Sati shida muka yi muna jira. Ban taɓa sanin sati yana da tsawo haka ba. Shagon Baba kuwa na kasa shiga. Nakan je har ƙofa, in ji ƙarar zartonsa, in juyo. Ni da nake da baki kamar reza, kalma biyu suka gagare ni.

Wasiƙar ta zo wata Litinin da hantsi. Ba shekara uku suka ba mu ba, shekara ɗaya ce, kuma ba a kan lanƙwasona ba, a kan bakin fiffike mai huda. A ƙasa an rubuta sunayen masu binciken, uku, na Baba yana tsakiya. Na karanta na sake karantawa, na kifa kai a tebur na yi kuka sosai. Na gode wa Allah, na gode wa tsohuwar nan mai sanda, na gode wa mutanen da ban taɓa gani ba da suka yarda su sake ba wa wadda ta yi kuskure dama. Amma na san inda godiyar ta fi nauyi, kuma ba a wasiƙa za a kai ta ba.

Na same shi yana fere fensir da wuƙa. Wannan karon na yi sallama, na jira ya amsa. Na durƙusa a cikin garin katakon nan da kayan aikina masu tsada, na ce, "Baba, ka yafe min. Abin da na faɗa maka ban kyauta ba. Da ka yi shiru ran nan, da yanzu ina can ina gina ƙarya a kan ƙarya."

"Tashi, 'yata, tashi, za ki ɓata zanenki." Ya kama gefen mayafina yana ɗaga ni. "Ni ma ai ɓoyewa na yi. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na karanta masa wasiƙar. Da na zo kan sunansa ya ce in maimaita, na maimaita. Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya miƙo min. Sai ya ce, cikin jin nauyi, "Dakta, wai ita ƙarar nan da kuke ta faɗa, yaya take?"

Na tsaya ina kallonsa. Shekara ashirin da ɗoriya yana sassaƙa wa ɗakin nan fiffike, ni da waɗanda suka gabace ni, ba wanda ya taɓa cewa Baba zo ka ji. Yana kawowa bakin ƙofa, a karɓa, a rufe.

Na kai shi ɗakin kwamfuta, na zaunar da shi a kujerata. Dogo ya ɗora masa abin sauraro a kunne, ya shiga ya ɗaura sabon fiffike, mai fenti. Fanka ta tashi. Baba ya zabura, ya dafe abin da hannu biyu, ya ce da ƙarfi kamar yadda mai abu a kunne yake yi, "Subhanallahi! Duk waɗanda na yi haka suke kuka?" Na gyaɗa kai. Ya girgiza nasa.

Dogo ya kashe, ya canza, ya ɗaura mai facin. Fanka ta sake tashi. Baba ya karkata kai yana jira. Ya ci gaba da jira. Ya dube ni ya ce, "An kunna?" Na nuna masa zaren da muka ɗaura a bakin bututu yana kaɗawa ta cikin gilashin da ke tsakanin ɗakunan biyu. Ya daɗe yana kallon zaren. Na ga ya sa bayan hannu ya share ido, ya bar garin katako a kumatu.

Da ya cire abin sauraron ya ce a kwanto masa fiffiken. Ya bi facin da yatsa, kai da komowa, yana tsuke baki.

"Akwai sauran 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa, na ji ta. Ta nan take fitowa, inda gam ya yi yawa." Ya naɗe shi a tsumma ya sa a hammata. "Ki ba ni sati biyu. Kuma kada ki leƙo."

A rana ta huɗu ƙafata ta kai ni har bakin shagon. Na tsaya, na ji yana guga a hankali yana 'yar waƙarsa. Na juya na koma na zauna.